Tarakta na hannu don aikin haya: wanne zan ɗauka kafin ruwa ya sauka?

Baban Ummi, Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu tarakta da makanikai da ke nan a taimaka min da shawara, abin ya ɗan sha min kai. Ni ma'aikaci ne na yi ritaya bara, kuɗin sallama na ya fito sai na haɗa da wani fili da na sayar a Dakace, yanzu ina da wajen miliyan 17 a hannu. Niyya na in sayi tarakta na hannu in riƙa aikin haya, haro da huɗa, a gonakin wajen Soba da Maigana har Turawa don can ne dangin mahaifiya na suke, kuma duk shekara ina ganin yadda mutane ke bin tantan ɗaya kamar ana rabon zakka, wani sai ya yi sati biyu yana bin direba da kuɗin sa a aljihu har ciyawa ya rufe gonan.

To guda uku na gani zuwa yanzu. Na farko Massey Ferguson 375 ne yana wajen Saminaka, mai shi ya ce damina huɗu kawai ya yi, an mishi sabon fenti yana ta ƙyalli, awa 1,900 ne a agogon. Shi idan na ɗauka kusan duk kuɗin zai tafi, ɗan canji ne zai rage. Na biyu wani dillali ne a Kano ya turo min bidiyo, tokunbo ne daga Turai, babba mai ɗaki da gilashi har da AC, taya huɗun duk suna ja, ƙarfin doki sama da 100, wlh idan ka gan shi sai ka ji kamar ka kwana a ciki, kuma abin mamaki kuɗin bai wuce na farkon da yawa ba, ya ce zai jira ni cikon. Na uku tsoho ne da aka yi gwanjon sa daga wata ma'aikata, ya shekara wajen shida a ajiye a ƙarƙashin bishiyan mangwaro, tayoyin sun sace, amma kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin uku na sauran ba, wani abokina ya ce in saya in gyara in riƙe sauran kuɗin.

Ni dai ban taɓa riƙe tarakta ba, iyaka na mota da babur. Ga shi mun shiga Maris, ina so kafin ruwan farko in kasance a shirye. Wanne za ku ɗauka in ku ne, kuma me zan duba in na je gani? Na gode, Allah ya bar zumunci.

Alhajin Giwa:

Wa alaikumus salam Malam Baban Ummi. Allah ya sanya albarka a abin da aka samu. Shekarata 19 a wannan harkar, na riƙe tarakta biyar, biyu na ci riba biyu na fita da ƙyar ɗaya kuma har yau in na tuna ta sai barci ya ƙaurace min, saboda haka bari in faɗa maka abin da ba wanda ya faɗa min lokacin da na fara.

Kuɗin tarakta a ƙasar nan tamu a cikin kwana 40 zuwa 50 yake. Daga lokacin da ruwa ya zauna ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuli, shi ke nan. Mai masara ba zai jira ka ba, mai waken suya zai ɗan ɗaga maka ƙafa don shi shukarsa tana baya kaɗan, amma shi ma ba har abada ba. To duk ranar da tarakta ta kwana a gareji a cikin kwanakin nan, ba kuɗin gyara kaɗai ka rasa ba, ka rasa aikin ranar, ka rasa mutumin da ya ba ka kafin alƙalami, kuma baɗi ba zai neme ka ba don ya riga ya gaya wa duk ƙauyen cewa tantan ɗinka ba ta da tabbas. Don haka ni in zan sayi ta hannu tambayata ta farko ba wai yaya lafiyarta yau ba, a'a, in ta lalace ranar Laraba da rana a bayan Maigana, wa zai gyara ta kuma ina za a samo kayan kafin Alhamis da yamma. Don lalacewa kam sai ta lalace, ko sabuwa ce dal a leda.

Wadda na ce tana hana ni barci irin ta biyun nan taka ce. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba don ba laifinsu ba ne, su sun yi abinsu don ƙasarsu da mansu mai tsabta da makanikansu masu kwamfuta. Na gan ta na ruɗe, ga ɗaki ga sanyi ga fitilu kamar jirgi. Sati uku ta yi tana aiki kamar aljana, rannan kawai wata fitila ta kama a gaban direba ta rage ƙarfi da kanta, tana tafiya kamar tsohuwar jaka. Makanikai huɗu suka taru a kanta ba wanda ya san inda zai sa sifana, don matsalar a cikin ƙwaƙwalwar injin take, sai da na ɗauko wani daga Kaduna da na'urarsa ya ce wani ɗan abu ne da bai kai kan yatsa ba, kuma babu shi a kasuwar Panteka ta Kaduna babu a Ƙofar Ruwa ta Kano, sai an yi oda daga waje. Kwana 26. Da ya iso mutane sun fara noman farko. Na mayar wa mutane kuɗinsu da hannuna ina ba da haƙuri, ƙarshe asara na sayar da ita.

Ita kuwa 375, Pakistan ake yinta, kamfanin Millat na Lahore, injin Perkins ne silinda huɗu doki 75, babu wata kwamfuta a jikinta, wayar da ke ciki ta fitila ce da kik da caji. Yaron da ya shekara biyu a gareji zai iya kwance ta ya mayar. Kayanta kuwa daga filta har ring da fistin za ka samu a Sabon Garin Zariya, in ya gagara Kaduna ko Kano awa ɗaya zuwa biyu ne. Ka duba ma tsofaffin Massey 135 ɗin nan na Ingila da aka daɗe da daina yi, har yanzu ana ganinsu suna jan tirela a ƙauyuka, ba don ba sa lalacewa ba sai don duk abin da ya mutu a jikinsu akwai madadinsa.

Ta ukun ka manta da ita. Araha ba ta ado. Abin da ya shekara shida a ƙarƙashin mangwaro ruwa ya shiga ta salansa, roba duk ta bushe, ɓeraye sun gama da waya, kuma a irin wuraren nan kafin a yi gwanjo an riga an zare duk wani abu mai kyau an sa a wata. Mu da muka ga zamanin Steyr da ake haɗawa a Bauchi da Fiat na Kano mun san ƙarfe ne na gaske, amma ƙarfe mai kyau ba tare da kayan gyara ba kwalliyar tsakar gida ce, kaji su riƙa ƙwai a ƙarƙashi.

Sai dai fa abu ɗaya ya dame ni a bayaninka: ka ce kuɗin zai tafi gaba ɗaya. Da me za ka sayi haro da rija, wato garmar huɗa? Tarakta ba garma ai babur ne mai tsada.

Oga Makaniki Kwangila:

Slm. Alhaji ya gama magana kan wacce za a zaɓa, ni bari in shiga ɓangarena wato dubawa, dan sunan 375 kaɗai ba ya nufin lafiya, na sha ganin 375 da ba abin da ya rage mata sai fatiha.

Da farko wannan fentin ni shi ya fi tada min hankali. Tarakta mai damina huɗu me zai kai ta wajen mai fenti? Fenti amarya ake wa, in ka ga an yi wa tsohuwa to akwai abin da ake rufewa, walda a jikin bulok ko wajen gatarin gaba ko yoyon mai da aka wanke. Ka sa hannu ka shafa, inda aka yi walda za ka ji tudu. Agogon awa kuma kar ka ba shi gaskiya ko kaɗan, waya ɗaya ake cirewa ya tsaya, wasu ma sabo suke sayowa su ɗaura. In kana son sanin shekarunta na gaskiya ka duba fedar kuloci da ta birki yadda ƙafa ta cinye su, ka duba ramin da ake ɗaura tirela a baya in ya koma kamar ƙwai maimakon zagaye, ka duba ƙwallayen hannun ɗaga garma in suna lilo. Ƙarfe ba ya ƙarya, mai shi ne ke yi.

Ka je da sassafe ba tare da ka faɗa masa takamaiman lokaci ba, ka ce masa kar a tada ta sai ka zo. Kana isa ka ɗora tafin hannu a kan injin, in ka ji ɗumi to an riga ka, ka ce za ka dawo gobe. Inji mai lafiya da sanyin safiya bugu ɗaya ko biyu ya tashi. In sai an tura, ko an fesa wani abu a hancin iska, ko an ce ai batir ne, to kwamfureshan ya tafi. Tana tashi ka kalli hayaƙi: ɗan baƙi a bugun farko ba komai, in shuɗi ne kuma bai ɗauke ba tana shan baƙin mai ring ya mutu, in fari ne mai yawa bayan ta yi zafi ko ruwa na shiga silinda ko nozul ba daidai ba, in baƙi ne ƙirin kullum ko da ba kaya to famfon mai ne ko filtar iska ta toshe, shi wannan da sauƙi.

Akwai wani ɗan bututu a gefen inji da yake fitar da numfashi, ka duba shi bayan ta yi zafi, in yana huci yana tofar da mai kamar tukunyar ɗanwake to injin na neman a sauke shi. Ka buɗe murfin lagireto tun tana sanyi kafin a tada, kar ka kuskura ka buɗe da zafi zai wanke maka fuska, in ka ga kumfa na tasowa tana aiki ko mai yana yawo a saman ruwan to gasket ne ko tof, wato kan inji, ya tsage. Ka zaro sandar gwada baƙin mai, in ya yi kalar shayi da madara ruwa ya shiga. In kuma ka tarar da man sabo fil kamar yanzu aka zuba, da kauri fiye da ƙa'ida, shi ma ka sa alamar tambaya, ana zuba mai kauri don a ɓoye ƙarar metal.

Sai haidirolik, nan ne mutane ke faɗawa rami dan kowa inji yake saurare. Kar ka yarda a ɗaga hannu ba kaya. A ɗaura mata haro na gaske, a ɗaga sama, ka tsaya ka kalla tana aiki, in ka ga tana ɗagawa tana saki tana ɗagawa kamar mai shaƙuwa to tana zubar da mai ta ciki. Sannan a kashe inji a bar haron a sama ku je ku sha shayi, in kun dawo bayan minti 10 ya sauko ƙasa to ka san akwai aiki. Famfon nata a cikin cikin giya yake, mai ɗaya suke sha da giyar, ba abu ne da ake gyarawa a bakin gona ba.

Kuloci hawa biyu ne, in ka taka rabi giya ta saki, in ka danne har ƙasa sai sandar baya mai juya injin casa ta tsaya, PTO ɗin nan. Ka gwada duka biyun. Ka sa babbar giya ka taka birki ka saki kuloci a hankali, in inji ya mutu kuloci na da rai, in ya ci gaba da kuka to yana sulɓi, kuma canza shi sai an raba tarakta gida biyu. Birki ka cire maƙalar ka gwada hagu daban dama daban. Kowace giya ka shiga ka saki totur ka gani ko za ta fita da kanta. A ɗaga gaba da jak ka girgiza taya.

Taya ma kar ka raina, na baya guda biyu sababbi kuɗinsu ba kaɗan ba ne. Ka duba gefe ko ya tsattsage, da haƙoran nawa suka rage, ka cire kuɗin daga ciniki.

Na ƙarshe, a kai ta gona ta ja haro awa ɗaya cur ko da busasshiyar ƙasa ce, kai ka sayi man. Mai sayarwar da ya ƙi wannan ya riga ya ba ka amsa. Kuma ka tafi da makanikinka, ba wanda dillali ya kawo ba, shi wancan la'adarsa na cikin cinikin.

Dan Dawanau:

Hhhh Allah sarki zage-zagi, "tarakta na", "ciyawa ya rufe gonan", ku fara gyara Hausar tukuna sannan a zo maganar gyaran inji. Wasa nake Baba kar a kore ni. Amma gsky ku daina yi mana kuɗin goro, ba duk tokunbo ce mai kwamfuta ba, akwai tsofaffin Massey 290 da 390 na Ingila da ake kawowa, su ma Perkins ne zalla kuma wasu sun fi na Pakistan ɗin ƙwari nesa ba kusa ba. Ka tambayi dillalin lambar samfurin da shekarar da aka yi ta kafin ka yanke hukunci. In ya fara kame-kame ko ya ce ana zuba mata wani farin ruwa a tanki na biyu to ka gudu, wannan ta zamani ce. Sannan takardun kwastan, in babu su kar ka ba da ko sisi, lambar jikin takarda ta zo ɗaya da ta jikin ƙarfen da ta inji.

Baban Ummi, Tudun Wada:

Dan Dawanau ai ku bayin mu ne, ba za mu kore ka ba, wa zai ɗauko mana kaya. Na tambayi dillalin naku, ya ce eh akwai tanki na biyu mai shuɗin murfi, to ka ga magana ya ƙare.

Alhaji da Oga Allah ya saka da alheri, wlh na kwafe bayanin nan a takarda. Maganan haro da rija kuwa gaskiya ban sa a lissafi yadda ya kamata ba, na ɗauka zan riƙa haya a wajen wani har in tara. Sannan direba, akwai ɗan yayata yana tuƙa tifa, na ce ko shi zan ba. Ya kuka gani?

Hajiya Mai Tantan, Samaru:

Malam kar ka yi ko ɗaya a cikin biyun, ka yi haƙuri da katsalandan. Ni gadon harkar na yi, maigidana Allah ya jiƙansa ya bar min guda ɗaya yanzu shekara 7 ina juya ta, kuma abin da ya kusa durƙusar da ni ba inji ba ne, mutane ne.

Hayar haro a watan Yuni? Wa zai ba ka? Lokacin da kake buƙata shi ne lokacin da mai shi yake buƙata. Ka nemi na hannu yanzu da rani kafin su yi tsada, haro mai faranti 16 ko 18 shi ne daidai doki 75, da rija, ita garma mai faranti uku za ka iya jinkirta ta don yawancin mutanenmu haro da huɗa suke nema sai mai sabuwar gona ko fadama. Ka duba farantan kar su zama sun cinye sun yi ƙanana, da boris ɗin, shi ne ke yawan mutuwa, kullum a motar akwai spaya guda biyu da bindigar giris.

Tuƙin tifa daban aikin gona daban. Direban da bai iya saita zurfin haro ba zai shanye maka gas ya ƙone kuloci don ƙafarsa na kan feda yini guda, ya bar wa manomi gona tudu da kwari. Ga kututture, faranti ɗaya ya daki kututturen ɗorawa da gudu an gama. Sannan ɗan uwa in ya yi ɓarna ba ka iya magana, kana buɗe baki yayarka ta kira ka tana kuka. Ka nemi wanda ya yi damina uku zuwa sama a kan tarakta, shi ɗan yayar taka ya bi shi a matsayin yaron mota ya koya, kuma ya zame maka ido.

Ni ba na biyan albashi, kaso nake bayarwa a kan kowace hekta, sai kuɗin abinci. Da na fara direba zai dawo ya ce hekta uku aka yi alhali gas ɗin hekta shida ya ƙare, ashe aikin dare yake yi na aljihunsa, wani lokaci ma gas ɗin ake zuƙa a sayar. Sai da na sa mata na'urar nan mai nuna inda take a waya, irin wadda su Hello Tractor suka yaɗa, daga ɗakina ina ganin gonar da ta shiga da awa nawa ta yi. Ranar da na karanto masa sunan ƙauyen da ya je ƙarfe 11 na dare sai da ya zauna a ƙasa. A tawa dai haro ɗaya yana cin lita 12 zuwa 15 a hekta gwargwadon ƙasar, in abu ya wuce haka da yawa ina tambaya.

Su ma manoman sai ka yi da gaske. Kowa gonarsa eka biyu ce in za a biya kuɗin haro, ranar da zai sayar kuma ta zama eka huɗu. Yaronka ya zagaya da waya ya auna kafin a sauke haro, hekta ɗaya eka biyu da rabi ce saura ƙiris, a yi magana a kan abin da waya ta nuna. Bashi kuma sai kaka, hmm, ni na daina sai ga mutum biyar da na sani tun zamanin maigida. Tunda ka ce yankin dangin mahaifiyarka ne to ka shirya, rabin layin kawu ne da gwaggo kuma kowa zai ce ai ta ɗanmu ce. Ka sa wani tsakani mai tattara aiki yana karɓar kuɗi kana ba shi kamasho, kuma ya haɗa maka gonaki na kusa da juna, don yawo a kan titi daga wannan ƙauye zuwa wancan shi ke cinye taya da gas a banza.

Kuma ka ware kuɗin da ba za ka taɓa ba, na gas ɗin sati biyun farko da na gyaran gaggawa. Gas a gidan mai na kirki, a durom mai murfi a bar shi ya kwanta, ban da na bumburutu, famfon man nan ruwa kaɗan ke kashe shi. Baƙin mai da filta duk awa 250, da damina kusan duk sati uku kenan.

In ka samu tirela daga baya ita ce ke riƙe gida da rani, kwasar masara da kaka, rake wajen Maƙarfi da Kudan, taki, yashi, bulo. Wasu kuma suna saukar da tasu Nasarawa ko Neja tun Afrilu don can ruwa ya riga namu, su biyo shi har gida su wuce Katsina. Ni ban yi don ba ni da wanda zai bi ta, ga yanayin hanya.

Injiniya A., Shika:

Ƙarin bayani kaɗan kan maganar Hajiya. Ƙasar Soba da Maigana yawanci tudu ce ba mai nauyi sosai ba, mai jan taya biyu ta isa. Mai ja huɗu sai in fadamar Galma za ka shiga aikin shinkafa inda laka ke riƙe ƙafa, kuma gatarin gabanta ƙarin abin gyara ne. Doki 100 da wani abu a gonakin eka biyu eka uku asarar gas ce kawai, kafin ta miƙe ta kai ƙarshen gona.

Amma ban yarda a ce Massey kaɗai ba. New Holland TT75 da John Deere 5075E na Indiya da Mahindra duk suna aiki a yankin nan, in ya samu mai lafiya da kuɗi ƙasa da wancan kuma akwai makanikin da ya san ta kusa da shi, me zai hana? Ka leƙa sashen injiniyan noma na IAR, cibiyar binciken aikin gona, a nan Samaru ka yi tambaya, sannan masu ƙungiyar TOHFAN ta masu taraktar haya su ma sun san wa ke shirin sayar da tasa. Sau da yawa mai kyau ba ta kaiwa hannun dillali.

Alhajin Giwa:

Injiniya ban ƙi taka ba, suna aiki. Amma ka je Sabon Gari ka ce a ba ka famfon ruwa na kowacce a cikinsu ka ga wanda za a miƙo maka nan take da wanda za a ce ka dawo jibi. Sannan ranar sayarwa, mutumin nan kuɗin sallamarsa ne, in abin bai karɓe shi ba Massey jar nan ko a wane hali take akwai mai saye.

Baban Ummi, Tudun Wada:

Jama'a na dawo da rahoto. Jiya bayan asuba muka kama hanyan Saminaka ni da wani makaniki da Oga ya haɗa ni da shi, bakwai da rabi muna ƙofan gidan. Injin da sanyi, bugu biyu ya tashi, hayaƙi ba laifi, bututun numfashin ma kaɗan yake yi. Amma fedan kuloci ya cinye sumul, makanikin ya yi dariya ya ce wannan awa 1,900 ɗin sai dai in zagaye na biyu ne. Da aka ɗaura haro sai ga shaƙuwan da Oga ya faɗa, muna kashewa kafin a kawo shayi ya dire ƙasa. Tayan baya ɗaya akwai faci babba ta ciki. Walda dai ba mu gani ba duk da mun shafa ko'ina, mai shi ya ce ɗan sa ne ya matsa a yi fentin wai zai fi kuɗi. Takardu sun cika, lamba ya zo ɗaya.

Mun lissafa gyaran haidirolik da taya da kuloci na cire daga kuɗin na taya, ya ce albarka, na ba shi lamba na muka taho. Ko Pambeguwa ba mu kai ba ya kira ya rage wani abu amma har yanzu bai zo inda zan samu na haro da rija ba. Na ce mishi zuwa Juma'a. Kafin nan akwai wani da aka yi min kwatance a Hunƙuyi, shi ba fenti, kuma wai da haron sa za a sayar, gobe za mu je.

Hajiya dan Allah na'uran nan na waya a ina aka ɗaura miki, kuma duk wata ake biya ko sau ɗaya ne?